Lambar da Bai Kamata Ta Gani Ba

Ranar Talata, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Dakta Surayya Abdulƙadir ta ga abin da bai kamata ta gani ba sai nan da mako uku. Ba ta daɗe tana kallo ba. Kafin hannunta ya kai ga rufe kwamfutar, da ƙyar in daƙiƙa biyar ta wuce. Amma wanda ya shekara biyu yana jiran lamba ɗaya, daƙiƙa biyar ta ishe shi ta zauna masa a kai daram.

Ta tashi ta tsaya a bakin taga. Ofishinta yana hawa na biyu na Cibiyar Binciken Ƙwayar Zarra, wani gini mai ruwan ƙasa a ƙarshen wata hanya mara kwalta da ke bayan Jabi. A ƙasa, gindin mangwaro, ma'aikata biyar suna zaune kan benci suna musun ƙwallo. Sun sa hannu a rajista tun ƙarfe tara, aikin yini ya ƙare ke nan. Allon da ke bakin ƙofar cibiyar ya fi ɗakin karatunta girma, an kuma sake masa fenti sau uku tun zuwan Surayya, alhali na'urar sanyaya ɗakin kwamfutoci tana nan a mace tun bara. Haka muke. Mun iya kafa allo, mun iya yanka ƙyalle, mun iya kiran taro don a tattauna ranar da za a kira wani taron. In aka zo ga aikin da babu mai ɗaukar hotonsa, sai kowa ya tuna yana da uzuri a gari.

Aikin Surayya irin wannan ne, wanda ba a ɗaukar hotonsa. Duk abin da ido ke gani, daga dutsen Zuma har ƙwayar gero, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Can cikin tsakiyar kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira kwak, akwai kuma wani ƙarfi da ya ɗaure su wuri guda, wanda ba a san ɗaurin da ya kai shi tsauri ba. Masana suna da ka'idar da ta bayyana wannan ɗauri, amma babu wanda ya taɓa zaro kwak guda ya ajiye a kan tebur ya duba. Yadda ake jarraba ka'idar shi ne a ƙera wata ƙwaya mai nauyi a cikin inji, a bar ta ta tarwatse da kanta, sannan a ƙirga gutsattsarin. Ƙwayar da Surayya ke bi sunanta ufsilon. Yawanci takan tarwatse ba tare da wani abin lura ba, amma kusan sau uku cikin ɗari sai wani tartsatsin haske ya fito tare da gutsattsarin. Ka'idar ta faɗi sau nawa ya kamata hasken ya fito. Surayya kuwa ƙirgawa take yi. In ƙirgar ta zo daidai, ka'idar ta haye wata jarrabawa. In ta saɓa, to ko dai ka'idar tana da tsaga, ko kuma mai ƙirgar ya yi kuskure.

Injin yana can gabashin Asiya, a ƙarƙashin ƙasa, masana ɗari da yawa daga ƙasashe daban-daban suna aiki a kansa. A duk faɗin Najeriya ita kaɗai ce a cikinsu. Sai da ta shekara uku tana yi wa wasu ƙananan ayyuka kafin a damƙa mata wannan awon ya zama nata, ita ce mai shi, ita za ta tsaya gaban kowa ranar buɗe sakamako.

Mutanen wannan fanni suna da wata al'ada da ta fi komai burge ta tun tana ɗaliba: ba su yarda da kansu ba. Sun san cewa in mutum ya san amsar da ake tsammani, zai riƙa neman kuskure ne har ya iso ga amsar, daga nan sai ya daina nema, kuma shi kansa ba zai san ya yi haka ba. Saboda haka sukan ɓoye wa mai awon sakamakonsa. Akwai wata lambar sirri a babbar kwamfutar da ke can wajen injin. Duk lokacin da Surayya ta kunna manhajarta, manhajar takan ɗauko wannan lamba ta cuɗa da sakamakon, sai abin da ke fitowa a allo ya zama ba shi da ma'ana. Sai an gama duk wani bincike, an yanke duk wata shawara, kowa ya amince, sannan a cire lambar a gaban jama'a, abin da ya fito kuma shi ke nan, ba a taɓa shi.

Matsalar ita ce sabis. A cibiyar, intanet takan ɗauke sau huɗu, sau biyar a yini, kuma da ta ɗauke sai manhajar ta tsaya, aikin awa shida ya lalace. Surayya ta rubuta takarda uku a kan haka, an kafa kwamiti, kwamitin ya zauna sau ɗaya ya sha lemo. Wata rana cikin watan Fabrairu da ta gaji, ta ƙara layi ɗaya a cikin manhajar da hannunta: in sabis ya ɗauke, kada ki tsaya, ci gaba da abin da kike da shi. Layin ya yi mata amfani wata biyar. A wannan Talatar sai sabis ya ɗauke daidai lokacin da manhajar ta miƙa hannu za ta ɗauko lambar sirrin. Ba ta same ta ba, ta kuwa yi abin da aka umarce ta. Ta ci gaba, ta zubo sakamakon tsirara a kan allo.

Da a ce an gama komai, da abin ya zo da sauƙi. Amma saura shawara ɗaya, kuma a hannun Surayya take. Ba kowane haske ne na gaskiya ba, akwai wasu gutsattsarin da su ma kan fitar da haske mai rauni, mai kama da wanda ake nema. Dole a ja iyaka. In an ja ta ƙasa, za a ƙirga haske da yawa, amma na bogi za su shigo ciki. In an ja ta sama, ƙirgar za ta fi tsabta, amma za ta yi kaɗan. Kowanne yana da hujja, ita kuma ta yi alkawarin kawo zaɓinta ranar Alhamis. Abin da ta gani a daƙiƙa biyar ɗin nan layi biyu ne. Da iyakar sama, lambar ta zauna kan hasashen ka'ida kamar an ɗora ta da hannu. Da iyakar ƙasa, lambar ta haura sama, nesa da ka'idar, nisan da zai sa a yi maganarsa a duk inda ake wannan karatu.

Bayan azahar ta shiga wurin shugaban cibiyar, Farfesa Maharazu. Ba mugun mutum ba ne, kuma a da malami ne na gaske, littafin digirinsa na uku yana nan kan kanta cikin leda. Shekara ashirin na tarurruka ne suka cinye shi a hankali. Ta same shi yana zaɓen kalar atamfar ankon bikin cikar cibiyar shekara goma. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau, ya tambaye ta ko akwai wani a ɗakin lokacin da abin ya faru. Ta ce babu. Ya tambaya ko kwamfutar can tana ajiye shaidar cewa ba a ɗauki lambar ba. Ta ce ba ta jin akwai mai dubawa.

"To, Dakta, wa ya gan ki? Ko da aljani kike aiki ban sani ba?"

"Ni na ga kaina, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, irin ta uba da ɗiyar da ba ta san duniya ba. Ya ce shi bai ga laifi a nan ba, ba sata ta yi ba, ba ƙage ta yi ba, sabis ne ya ɗauke, sabis kuwa na kowa ne. Ya ce tunda kowace iyaka tana da hujja, ta ɗauki wadda za ta sa a san da mu, bikin ma yana tafe, zai yi kyau a ce wa manyan baƙi daga wannan ginin aka girgiza ka'idar Turawa. Da ya ga fuskarta ba ta saki ba, sai ya sauke murya, ya faɗi abin da ya fi shigarta.

"Kin san abin da za su ce in kika faɗa musu? Ba za su ce Surayya ta yi kuskure ba. Cewa za su yi, dama mun san bai kamata a kai aikin nan Afirka ba. Su karɓe shi su ba wani, ke kuma ki koma share musu fage. Ki yi tunani."

Ta yi tunanin a cikin mota, awa biyu cur daga Jabi zuwa Karu, a matse tsakanin wata mai buhun barkono da wani mai kwat da ke ta faɗa da matarsa a waya. A gangaren Kugbo motoci suka tsaya cik, masu tallar ruwan leda da gasasshiyar masara suna ratsawa tsakaninsu. Ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita, mutum dubu nawa ne a kan wannan hanya, babu ɗaya da za ta iya juyawa ta ce masa ga abin da ya same ta ba tare da ta fara daga menene ƙwayar zarra ba. Ta isa gida ana kiran magariba. Ɗaki ne da falo a bayan wani shagon ɗinki, ita kaɗai. Innarta ta kira daga Funtuwa, ta tambaye ta aiki, ta ce lafiya lau. Inna ta ce muryarta ba daidai take ba, ko zazzaɓi ne. Ta ce gajiyar hanya ce. Inna ta yi mata addu'ar da ta saba, Allah ya ba da sa'ar abin da ake nema, ko da yake har yau ba ta san me ake nema ba.

Ranar Laraba Surayya ta yanke cewa za ta gwada yin zaɓin da gaskiya, kamar ba ta ga komai ba. Ta ɗauko farar takarda ta raba ta biyu, hujjojin iyakar ƙasa a dama, na sama a hagu. Ta buɗe littafin da take rubuta aikinta na kullum don ta ga inda zuciyarta ta karkata kafin Talata. A shafin makon jiya ta tarar ta rubuta "ƙasa", ta sa alamar tambaya biyu a gabansa. A shafin da ya gabace shi ta rubuta "sama ta fi aminci". Littafin bai taimake ta ba.

Zuwa ƙarfe goma, ɓangaren dama ya cika. Hujjoji masu kyau, kowacce za ta iya kare ta a gaban kowa. Ta karanta su sai ta ji kunya, domin ta san abin da ke jiran ta a ƙarshen wannan hanya: sunanta a bakin mutane. Ta juya ga hagu. Zuwa azahar shi ma ya cika, su ma hujjoji masu kyau. Ta karanta sai ta gane wannan karon tsoro ne ke rubutu, tsoron kada a ce ta yi zumuɗi. Ta ajiye biro. Duk hujjar da ta ɗauka ta juya, ba ta iya rabewa ko daga ilimi ta fito ko daga abin da ta gani. Shekara biyu ta yi tana koyon hasken nan har ta san halinsa kamar na ɗan'uwa, ga shi yanzu a duk duniya ita ce mutum ɗaya da ba ta cancanci ta yanke masa hukunci ba.

A haka Angelina ta same ta. Angelina ita ce sakatariyar cibiyar, 'yar Ushafa, mace mai shekara hamsin da ba ta shiga ofis sai da wani abin ci a hannu. Ta ajiye dafaffiyar gyaɗa a kan takardun, ta ja kujera ba tare da an ce ta zauna ba.

"Dakta, tun jiya fuskanka kamar an yi maka rasuwa. Oga ne?"

Surayya ta ce ba oga ba ne. Ba ta yi niyyar bayani ba, amma sai ta tsinci kanta tana yi, ta bar kwak da ufsilon a gefe, ta ce dai akwai amsar da aka hana ta gani sai ta gama aiki, don kada ganin ya karkatar da hannunta, ta kuwa gani bisa kuskure. Angelina tana ɓare gyaɗa tana gyaɗa kai. Ta ce ai wannan ba sabon abu ba ne, mamanta ma in ta gasa tukwane ba ita ke ƙwanƙwasa su ta ji mai tsaga ba, ƙanwar maman ake kira daga ƙetaren rafi, don mai ginin tukunya kunnenta yakan ji abin da take so. Ta ce shekara talatin ke nan ana haka, kuma shekara talatin ke nan suna faɗa, domin duk tukunyar da ƙanwar ta ce ta fashe, mama sai ta ce hassada ce.

"Amma ni dai in ni ne kai, shiru zan yi," in ji Angelina, tana kaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta. "Oga ya ce a bari, a bari. Mutanen can sun san wahalan da kake sha a nan? Ko gyaɗa ba su taɓa aiko maka ba."

Ta fita. Surayya ta zauna da takardar nan da ta raba biyu a gabanta har inuwar mangwaro ta kai bakin katanga. Sannan ta rubuta wa Dakta Christina, shugabar rukuninsu, saƙo mai layi uku, ta ce tana son magana da ita gobe kafin taro, ita kaɗai.

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Alhamis, can kuma la'asar ta yi, fuskar Christina ta bayyana a allo, mace mai furfura da ba ta ɓata kalma. Surayya ta faɗi komai a jere, layin da ta ƙara a Fabrairu, sabis, Talata, daƙiƙa biyar. Ta buɗe baki za ta ce abin da ta gani, Christina ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Kada ki faɗa mini lambar. Kada ki ce sama ko ƙasa. Ki kashe kyamararki ma, fuskarki tana magana."

Surayya ta kashe. Sauran maganar a duhu aka yi ta. Christina ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma lallashe ta ba. Ta tambaya ko wani ya san lambar, Surayya ta ce shugaban cibiyarsu ya san akwai bambanci tsakanin iyakokin biyu, amma ba ya hulɗa da kowa a rukunin. Ta tambaye ta ko ta taɓa manhajar tun Talata, Surayya ta ce a'a. Christina ta ce ta gode da aka faɗa mata, amma godiya ba za ta canja abin da ya zama dole ba.

Hukuncin ya zo bayan kwana huɗu. An ɗage buɗe sakamako zuwa nan da mako shida. An miƙa zaɓin iyaka ga wani Dakta Hanif da abokan aikinsa a Malesiya, su sake duba komai daga tushe, shi ne kuma zai gabatar ranar buɗewa. An rufe wa Surayya ƙofar shiga manhajar da ta rubuta da hannunta. Ba za ta yi magana da kowa a kan awon ba, ba za ta amsa tambaya ba, ko ta fasaha ce, sai ta hannun Christina kuma a rubuce. Babu wanda ya ambaci Afirka. Ko sun faɗa a inda ba ta ji, wannan ba ta sani ba.

Farfesa Maharazu da ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya kyauta, ya cire sunanta daga jerin masu jawabi a biki, daga ranar kuma gaisuwarsa ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Mako shidan nan su ne mafi tsawo da ta taɓa yi a Abuja. Kowace Alhamis takan bar Karu bayan sallar asuba don ta riga cunkoso, ta shiga taron ƙarfe takwas, a yi maganar wasu ayyuka. In an zo kan ufsilon sai Christina ta ce, Surayya, lokaci ya yi. Sai a fitar da ita. Takan zauna gaban baƙin allo minti arba'in, wani lokaci awa guda, tana jin ruwan sama a kan kwano, ta san a daidai wannan lokacin mutum ashirin suna gardama a kan abin da ita kaɗai ta san ƙarshensa. Lambar tana nan a kanta, tana binta kasuwa, tana binta kan sallaya. Ba ta rubuta ta ko'ina ba, ba ta kuma iya mantawa.

An yi bikin shekara goma a mako na huɗu. An kafa rumfuna, an sa anko, an raba allunan yabo ga mutanen da ba su taɓa hawa benen ba. Aka ja wayar janareto zuwa lasifika, don haka saman bene babu wuta. Daga tagarta ta ji wani babban baƙo yana cewa wannan cibiya ta sa Najeriya a sahun gaba na kimiyyar duniya, aka tafa. Babu wanda ya tambaya wane bincike aka yi a shekara goman, babu kuma wanda ya ji kunyar rashin tambayar. Angelina ta hawo mata da shinkafa a roba da cinyar kaza, ta ce ta ci kafin ta huce, ta koma ƙasa.

Ranar buɗewa ta faɗo a wata Alhamis mai ruwa. Farfesa yana taron bita a wani otal. Bencin gindin mangwaro babu kowa. Angelina ce kaɗai ta shigo, ta ce ita ma tana son ta ga wannan abin da ya ramar da mutum, ta zauna a gefe da jakarta a cinya.

Hanif ya yi bayani na awa guda. A shafin farko sunan Surayya yana nan, na biyu, bayan nasa. A tsakiyar bayanin ya nuna wani abin da suka gano a mako na uku: lissafin da aka yi na hasken bogi a ƙasan ma'auni ya gaza, na bogin sun fi yadda aka zata yawa. Bai ce lissafin wa ba ne, amma kowa ya sani, ita ma ta sani. Sun gyara, sun ja iyakar a sama. Surayya ta dubi shafin, ta ga kuskuren nata a fili, ƙarami, irin wanda da ta zauna da shi da ido mai tsabta wataƙila da ta kama shi, wataƙila kuma da ba ta kama ba. Abin da ya ɗaga lambar nan sama ranar Talata ke nan. Ba tsaga ba ce a ka'ida.

Christina ta tambaya ko akwai mai ja. Babu. Aka cire lambar sirrin. Sakamakon ya fito, ɗigo ɗaya da ɗan gajeren layi a jikinsa, zaune a kan hasashen ka'ida. A ƙananan tagogin allon mutane suna tafi, wasu a ofis, wasu a ɗakin girki. Surayya ma ta tafa sau biyu kafin ta lura makirufonta a kashe yake.

"To? An ci ko an faɗi?" in ji Angelina.

"Ka'idar ta ci."

"Kai fa?"

Surayya ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna. Angelina ta dube ta, ta dubi ɗigon da ke allo, ta ce duk wannan ramar a kan wannan ɗan abin, ta ɗauki jakarta ta sauka.

Da hantsi ya yi sai ga saƙon Christina. An buɗe mata ƙofar manhajar. Akwai sabbin bayanai na bana da ke jiran a fara tace su, in tana so. Wanda zai jagoranci awo na gaba kuwa, ba a yanke ba, sai taron Nuwamba. Farfesa ya dawo bayan azahar, ya leƙo daga bakin ƙofa bai shigo ba, ya ce ya ji labari, wato shekara biyu ba a gano komai ba ke nan. Ta ce an gano ka'idar tana nan daram har wannan zurfin, kuma yanzu in wani ya tambaya, akwai lambar da za a nuna masa. Ya ce to madalla, ya wuce.

Ta buɗe manhajar, ta gangara har layin Fabrairu. Ta karanta shi sau ɗaya, ta goge. Ta ɗora sabbin bayanan, ta kunna, lambobi suka fara gudu. Ƙarfe uku da 'yan mintoci sabis ya ɗauke. Manhajar ta tsaya cak, aikin awa ɗaya da rabi ya tafi. Surayya ta jawo takarda ta fara rubuta wasiƙa ta huɗu a kan intanet ɗin cibiyar, wannan karon da kwafi zuwa ga duk wanda aka ba allon yabo. Da ta gama ta sa hannu, ta tura takardar gefe. Ruwan ya tsagaita, ma'aikata sun dawo bencinsu suna share jiƙa da jarida. Ta gyara zama gaban allon, tana jiran sabis ya dawo ta sake daga farko.